Mundayen Gungun Tsamiya

Rabon Ladan da ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya zauna an fi shekara. Yakan dai tsaya bakin ƙofa da safe ya ce, "Inna, an kwana lafiya?" Kafin ta amsa ya kai zaure. Shi ya sa ranar da ya ɗaga labule ya shigo har ciki, ya durƙusa gefen tabarmarta, Inna Mariya ta ɗauka rasuwa aka yi.

"Wa muka rasa?" ta tambaya.

"Ba kowa, Inna. Abu na kawo ki duba mani."

Ladan masunci ne a da, kamar kowa a Tungar Gado, ƙauyensu na bakin ruwa kusa da Warra. Da zancen zinari ya cika ƙasar Ngaski sai ya sayar da jirginsa da komarsa ya sayi injin neman zinari, wata sanda mai faifai a ƙasa, wadda ke kuka in ta ji ƙarfe cikin ƙasa. Wata bakwai yana yawo da ita bai samu komai ba sai ƙusoshi da gwangwanaye. A bazarar nan kuwa ruwan Kainji ya ja baya fiye da yadda aka saba, har Gungun Tsamiya ya fito. Can aka haifi Inna Mariya, can ta yi ƙuruciya, kafin a datse kogi ruwa ya cinye tsibirin a kwaso mutanensa zuwa tudu. Ladan ya roƙi abokinsa Yakubu mai jirgi ya ƙetare da shi, ya yi kwana biyu yana bin kufan da injinsa.

Ya kwance tsumma ya ɗora mata abin a tafin hannu. Idon Inna ya yi rauni, don haka da yatsu ta duba. Munduwa ce ƙarama, ta yi baƙi da kore, bakinta biyu da ƙulli kamar kan albasa. Ta bi ta da babban yatsa a hankali har ta zo kan wasu tsaga uku daga ciki. Nan ta tsaya.

"Ina ka samo wanga?"

"Can Gungu. Zinari ce?"

"Ta Kulu ce. Ƙanwata." Muryarta ta yi ƙasa. "Babanmu ya yi tsagar nan da wuƙa don kada mu yi ta faɗa kan wacce ce ta wa. A ƙafarta aka danne bakin da guduma. Tana shekara shida baƙon dauro ya ɗauke ta, munduwar ta ƙi fita, aka sa ta ƙasa da ita. Ladan, kabari ka tona."

"Ni ban ga kabari ba. Laka ce kawai, sai wasu 'yan ƙasusuwa. Na ɗauka na akuya ne."

Inna ta rungume munduwar a ƙirji, hawaye na bin kumatunta. Ba da shi take magana ba, da kanta take yi. "Ita da Innarmu duk haka aka rufe su. Ita Innarmu ma nata biyu ne, na azurfa, manya, sai maƙeri ya zo da kayan aiki kafin su fita, Baba ya ce a bar mata abinta."

Safiya matar Ladan tana tsaye bakin ƙofa da tsintsiya. Ta dubi mijinta, shi ma ya dube ta. Ya miƙa hannu ya zare munduwar daga ƙirjin tsohuwar ya ce zai kai a wanke mata ita.

Yelwa ya kai ta, rumfar Wakili maƙerin fari. Wakili ya goga ta kan dutse, ya ɗiga mata wani ruwa, ya juya ta a haske.

"Tagulla ce," ya ce. "Amma aikin tsofaffi ne, yanzu ba mai irin wannan ƙullin. Ita kaɗai ba ta kai komai ba. In dai akwai manyan, na azurfa zalla, akwai masu zuwa daga nesa neman tsofaffin kaya irin su. Ka samo, kada ka kai ma kowa."

"Ba ka tambaye ni inda na samu ba."

"Ni ƙarfe nake saye. Inda ya kwana ba ruwana."

Washegari Inna Mariya ta ga abin da ta daɗe ba ta gani ba. Safiya ta share mata ɗaki har ƙarƙashin gado, ta kawo farfesun kifi, ragon ruwa, da zafinsa. Ladan ya zauna yana yi mata fifita yana tambayar labarin Gungu. Ina kasuwa take? Ina masallaci? Ta wane gefen tsamiya ake rufe mutane?

Ta ajiye cokali. "Don wanga aka dafa kifin?"

"Inna, ki duba gidan ga. Rufi na yoyo, yara na zaune ba makaranta. Ita Kaka mi za ta yi da azurfa a ƙarƙashin laka? Injin ba ya jin abin da ya yi zurfi, sai an san daidai wurin an tona. Nuni kawai za ki yi."

"Uwata ce."

"Ni ma ɗanki ne. Ita ta mutu, ni ina da rai."

"Ba ni nunawa."

Kwana uku aka yi ana lallashi. A na huɗu kwanon rana bai zo ba. Da la'asar Inna ta dafa bango ta fito tsakar gida, ta tarar da Safiya tana kankare tukunya.

"Safiya, yau ba a yi girki ba?"

"An yi, bai isa ba ne, Inna. Yara na fara ba. Ai wanda ya san inda abinci yake ya ƙi faɗi, ba yunwa yake ji ba."

Daga ranar sau ɗaya ake kai mata tuwo, wani lokaci ba miya. Maganin hawan jininta ya ƙare, Ladan ya ce kantin Warra ma babu. Aka hana jikoki shiga ɗakinta, wai tana cika musu kai da zancen matattu. Rediyonta da take jin wa'azi Safiya ta ɗauke, ta ce batir ake buƙata a tocila. In maƙwabciya ta leƙo gaisuwa, Safiya kan tare ta a tsakar gida ta ce, "Tana barci. Tsufa ya fara taɓa mata kai, sai haƙuri."

Bayan mako biyu Ladan ya ce tunda baki ya ƙi faɗi, ƙafa za ta tuna. Da hantsi ya ɗauke ta cak ya sa a jirgin Yakubu. Mutanen da ke gyaran koma a bakin ruwa suka yi ta sa masa albarka.

"Ka ga ɗan kirki. Zai kai tsohuwa ta ga kufan iyayenta kafin ruwa ya dawo."

Gungun Tsamiya ba abin da ya rage masa sai fili. Laka ta bushe ta tsattsage, ko'ina tsingaro da ɓawon katantanwa, ga duwatsun niƙa zaune inda mata suka bar su. A tsakiya kututturen tsamiyar ne, baƙi ƙirin. Babu inuwa ko ta tafin hannu. Silifas ɗin Inna ya tsinke tun saukarsu, ta ci gaba da tafiya haka nan.

"To, Inna. Ina ne?"

Ta daɗe tana dube-dube, sannan ta ce ba wuri ɗaya aka rufe uwarta da Kulu ba, ta nuna yamma, wajen da take tuna turken awaki yake. Ladan da Yakubu suka tona har ƙugu. Injin ya yi kuka, suka fito da dalmar koma. Rana ta biyu ta nuna kudu, suka samu gindin tukunyar ƙarfe. Rana ta uku ta nuna bakin gaɓa. Kullum tana zaune kan dutsen niƙa tun hantsi har la'asar, zane lulluɓe a kai, rana na dukanta. Tafin ƙafarta ya yayyanke, ta ɗaure da tsumma. Leɓenta ya tsage. Ruwan sha yana cikin jarka a jirgi, Ladan ya ce kada a ɗauko sai an tashi, wai shan ruwa na sa ta kasala.

Yakubu ya ja shi gefe. "Ladan, tsohuwar ga ba ta da lafiya. Dubi yadda take numfashi."

"Uwarka ce ko tawa?"

"Taka ce."

"To ka riƙe shebur."

Yakubu ya riƙe shebur. Daga baya, da ake zancen, yakan ce shi jirgi kawai ya tuƙa, ba ya shiga tsakanin ɗa da uwa.

A rana ta huɗu hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Kowa ya san in damina ta kankama ba za a daɗe ba ruwa zai hau ya rufe tsibirin, wataƙila sai bayan wasu shekaru ya sake fitowa. Ladan bai tambaye ta komai ba da suka sauka. Ya tsaya yana kallonta har ta zauna kan dutsenta.

"Inna, kwana uku ina lura da ke. Kin nuna yamma, kin nuna kudu, kin nuna gaɓa. Gefe ɗaya ne ba ki taɓa kallo ba. Kullum in za ki zauna sai ki ba shi baya."

Ya saɓa shebur ya nufi arewa da kututturen, can gaba da inda ya tsinci munduwar Kulu. Inna ta miƙe ta bi shi tana tangaɗi. Bai tona da nisa ba shebur ya daki wani abu. Ya sa hannu ya zaro dogon ƙashi, ya duba ƙarshensa, ya ga ba komai, ya jefar gefe. Ya matsa taku biyu ya sake kafa shebur.

"Bari," Inna ta ce. "Wanga Malam ne, limaminmu."

"To na gaba fa?"

"Ladan, ka ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronsa. Ke ce za ki sa in tone su duka. Ɗaya bayan ɗaya zan bi, har Babanki, har in zo kanta. In kin nuna, ɗaya kawai zan taɓa. Alhakin sauran yana wuyanki."

Ta tsaya tana kallon filin. Ta san su duka. Ta san inda babanta yake, da kakarta, da matar da ta yi mata kitson farko, da jariran da ba a kai ga raɗa musu suna ba. Ta dubi Yakubu, ya sunkuyar da kai yana kankare laka daga shebur. Sai ta fara tafiya, tana ƙirga taku daga kututturen kamar yadda take yi tana yarinya in an aike ta zuba ruwa kan kabarin. Ta tsaya. Ta nuna ƙasa da yatsa.

Ta koma gefe ta zauna a laka ta juya baya. Tana jin shebur na shiga yana fita. Aka daɗe. Sannan injin ya yi kuka, dogo, ba irin na dalma ba. Ta ji Ladan ya ce, "Riƙe nan, ja a hankali." Ta ji wani abu ya ɓalle.

Ya zagayo gabanta da su, laka na ɗiga. Ya ɗora mata a cinya, nauyinsu ya danne zanenta.

"Duba mani. Su ne? Kada in kai ma Wakili abin banza."

Ta shafa. Ga zanen ƙayar kifi da ya zagaye su, ga lotsawar da ɗaya ta yi ranar da uwarta ta faɗi kan dutse wajen wanki. A kan mundayen nan take ɗora kai ta yi barci in uwarta na tsinke gyaɗa. Cikin ɗaya akwai ɗan guntun abu da ya maƙale da laka. Ta zare shi da farce ta riƙe a hannu.

"Su ne," ta ce.

Ya kwashe ya naɗe a buhu, ya ce su tafi kafin hadari ya iso.

"Ba ka rufe ta ba."

"Ruwa zai rufe."

Inna ta rarrafa zuwa bakin ramin, ta mayar da guntun da ke hannunta, ta shiga tura laka da hannu biyu. Ba ta cike ko rabin kamu ba Ladan ya ɗauke ta ta baya ya kai jirgi. A nan ya buɗe jarka ya miƙa mata. "Sha, Inna. Kin ga da tun farko kin faɗa, da duk ba a yi wagga wahala ba."

Wakili ya goga, ya ɗiga ruwansa, ya ɗora a ma'auni. Azurfa ce zalla, tsohon aiki, irin wanda bai taɓa riƙewa ba sai a labari. Ya wanke su da kansa. Da ya ga abin da ya fita daga lungun zanen, ya zubar da ruwan bayan rumfa.

Ladan ya dawo Tungar Gado kan sabon babur. Aka sauya kwanon rufi, Safiya ta ɗinka atamfa biyu. Ranar Juma'a aka soya waina aka raba wa yara sadaka, Ladan ya ce ladan ya kai ga Kaka. Labarin inda arzikin ya fito bai ɓuya ba, amma ba wanda ya ɗaga murya. Wasu suka ce ai ƙasusuwan da suka shekara hamsin cikin ruwa ba kabari ba ne kuma. Wasu suka ce dukiyar gado ce, jika ya fi laka cancanta. Kafin ruwa ya hau, samari uku sun zo aron injin, kuma a gidaje biyu an fara dafa wa tsofaffi kifi ana tambayarsu labarin Gungu.

Kwanon Inna ya dawo sau uku a rana. Yadda aka kai haka ake ɗaukowa. Ƙafafunta suka ruɓe, ɗakin ya fara wari, Safiya ta koma ajiye kwanon a bakin ƙofa tana turawa da ƙafa.

"Mun yi iyakar yinmu," take gaya wa maƙwabta. "Abinci har da nama, ta ƙi ci. Rigimar tsufa ce."

Wata mai sayar da daddawa ce ta kai labari Shanga, inda Talatu, ɗiyar Inna, take aure. Talatu ta iso da azahar, ta shiga ɗakin ta ga abin da ya rage na uwarta. Ta dafa ruwa ta wanke ƙafafun, tana wankewa tana kuka, Inna na ba ta labari da 'yar muryar da ta saura. Da ta gama ji ta fita ta sami Ladan a zaure yana goge babur.

"Yaya, kabarin Kaka ka tona? Ka sa Inna ta nuna da hannunta?"

"Rufin da kika shigo ƙarƙashinsa fa, ke kika sa shi? Shekara nawa ina ciyar da ita, ke kina can? Sau nawa kika aiko ko da sabulu? Yau kin zo ki koya mani tausayi."

"Zan tafi da ita."

"Ki tafi da ita mutane su ce na kasa riƙon uwata? Ba inda za ta."

Talatu ta koma ɗaki. Inna ta ji komai. Ta kama hannun ɗiyarta ta jawo ta kusa.

"Bar shi. Ba ni kai Shanga ko an bari. Abu ɗaya za ki yi mani." Ta miƙa hannun hagu. Akwai wani siririn zobe na farin ƙarfe a yatsanta. "Cire."

"Inna, don mi?"

"Cire dai."

Yatsan ya rame, zoben ya fita ba gardama. Ta juya kunne, Talatu ta zare 'yan kunnen. Ta sa ta kwance layar da ke wuyanta saboda akwai ɗan ƙarfe a maɗaurinta. Ta sa ta laluba bakin zane ko akwai allura ko kwabo da ta manta.

"Ba saura?"

"Ba saura, Inna."

"In za ki koma, ki jefa su tsakiyar ruwa. In an zo yi mani wanka ki tsaya a kai, ki duba da kyau. Kada a sa ni ƙasa da ko ƙusa. Ba ni son injinsa ya yi kuka a kaina."

Kwana tara bayan haka ta rasu, da hantsi, Talatu na riƙe da ita. Matan da suka yi mata wanka ba su sami abin cirewa ba.

Aka yi zaman makoki a ƙofar gida, ƙarƙashin sabon rufi. Mutane suka zo daga Warra, daga Yelwa, har Wakili ya aiko da goro. Ladan na zaune a tsakiya cikin farar riga, idonsa ja. Duk wanda ya zo sai ya riƙe hannunsa ya ce ya yi ƙoƙari da tsohuwa, ya ciyar da ita, ya kai ta ta ga garinsu kafin ta cika, ba kowane ɗa ke yin haka ba a zamanin nan. Liman ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya ba Ladan 'ya'yan da za su yi masa kamar yadda ya yi wa mahaifiyarsa.

Daga cikin gida Talatu ta ce amin da ƙarfi, har maza suka waiwaya. Ladan ya daɗe da hannu a sama kafin ya shafa.